Neman shawara: an rubuta mini jinkirin biyan bashin karatu alhali ina makaranta

Mai tambaya, ɗaliba a jihar Ohio:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman shawararku a kan bashin karatu na gwamnatin tarayyar Amurka da na ci a lokacin digirina na farko. Na kammala a watan Mayun 2024, a watan Agustan shekarar kuma na shiga digiri na biyu a matsayin cikakkiyar ɗaliba, don haka a iya sanina lokacin biya bai yi ba. Da na nemi gidan haya aka hana ni, sai na ciro rahoton kiredit ɗina, wato takardar da ke nuna tarihin bashina da yadda nake biya, na tarar da abubuwan da suka ɗaure mini kai. Bashin ya fito a layi takwas, jimillarsa ta haura abin da na karɓa, tsohon kamfanin da ke karɓar biya yana nuna yana bina kuɗi duk da an mayar da ni hannun wani, sannan an rubuta cewa na yi jinkirin kwana 90 a farkon 2025. Ta ina zan fara?

Wani ɗan'uwa daga Bronx:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki shiga shafukan Equifax da Experian da TransUnion, kamfanoni ukun da ke haɗa rahoton kiredit, ki ƙalubalanci layukan takwas gaba ɗaya, domin doka ta ba su kwana 30 su bincika, kuma abin da suka kasa tabbatarwa dole su goge shi.

Wata Hajiya mai aiki a ofishin tallafin ɗalibai:

Malam ya faɗi gaskiya game da kwana 30, amma ban goyi bayan a haɗa komai a ƙalubalanta ba. 'Yata, daga abubuwa huɗun da kika lissafa, biyu ne kawai kuskure.

Layi takwas ba matsala ba ne. Kowane rance da aka ba ki ana rubuta shi daban, kuma ɗalibai da yawa nau'i biyu suke karɓa a shekara: wanda gwamnati ke ɗauke musu kuɗin ruwansa muddin suna makaranta, da wanda ruwansa ke fara taruwa tun ranar da aka fitar da kuɗin. Shekara huɗu sau biyu, takwas ke nan. Wannan nau'i na biyu ne kuma ya sa jimillar ta haura abin da kika karɓa. Ki shiga asusunki a StudentAid.gov ki gwada kowane layi da abin da ke can, da ranar fitar da kuɗin da adadinsa.

Tsohon kamfanin kuwa, ya kamata layinsa ya nuna an rufe ko an mayar, ragowar bashi kuma sifili. Idan shi da sabon duk suna nuna kuɗi, an ninka miki bashi, kuma wannan abin gyara ne.

Babbar maganar ita ce kwana 90. Ana ba ɗalibi wata shida bayan kammala karatu kafin ya fara biya, kuma wanda ya koma makaranta kafin wa'adin ya cika, yana ɗaukar aƙalla rabin darussan cikakken ɗalibi, bashinsa yana komawa matsayin na mai karatu, har ma a sake ba shi wata shidan cif idan ya gama. Ke a wata na uku kika koma. Abin da na fi zato shi ne labarin rajistarki bai isa ga kamfanin da ke karɓar biyanki yanzu ba, domin makarantu ne ke aika shi ga rumbun bayanan gwamnati, yawancinsu ta hannun National Student Clearinghouse, ƙungiyar da ke tattara bayanan rajistar ɗalibai, kuma a kan sami tangarɗa idan an yi kuskure a lambar shaidar ɗalibi ko aka juya sunansa, abin da ke yawan samun masu irin sunayenmu. Saboda haka ofishin magatakardar makarantarki za ki fara zuwa, ki karɓi takardar shaidar rajista mai ɗauke da ranar da kika fara, ki kuma nemi su gyara bayanin da suka aika. Daga nan ki kai wa kamfanin, ki nemi ya mayar da matsayin bashin tun daga Agustan 2024, ya kuma sanar da kamfanonin kiredit ukun. Idan kika fara ta inda Malam ya ce, za su tambayi kamfanin ne, shi kuma ya duba takardunsa da ba a gyara ba ya ce jinkirin gaskiya ne, kin ga an koma gidan jiya.

Wani akanta daga Houston:

Bayanin Hajiya ya wadatar, ƙari kawai zan yi a kan takardu. Ki ciro rahotannin uku a AnnualCreditReport.com, kyauta ne kowane mako, domin ba lallai kuskuren ya fito iri ɗaya a dukkansu ba. Bayan kin sami takardar makaranta, ki rubuta wa kowane kamfanin kiredit da rahotonsa ke ɗauke da kuskuren wasiƙa daban, ki ambaci lambar asusun, da watan da aka ce kin yi jinkiri, da gyaran da kike nema, ki haɗa da kwafin shaidunki, na ainihin kuma su zauna a hannunki. Ki aika ta gidan waya da rajistar da za ta dawo miki da shaidar karɓa. Dokar rahoton kiredit ta 1970 ce ta ba ki wannan haƙƙi, kuma kwana 30 ɗin kan iya zama 45 idan kika ƙara aika wasu takardu ana cikin bincike, don haka ki haɗa komai lokaci guda. In aka ƙi gyarawa, akwai hukumar kare masu hulɗar kuɗi ta CFPB, akwai kuma ofishin sasanci na sashen tallafin ɗalibai a Ma'aikatar Ilimi.

Kada ki yi sakaci da lamarin, domin jinkirin da aka bari yana zama a rahoto shekara bakwai, kuma tarihin biya shi ne kashi 35 cikin ɗari na makin FICO, wato makin da masu ba da bashi ke dubawa don auna amincin mutum wajen biya. Masu tallar cewa za su goge miki tabon da ke rahoton kiredit kuma ki rabu da su. Doka ta hana su karɓar kuɗi kafin su yi aiki, kuma wasiƙar da za su rubuta ba ta fi wadda za ki rubuta da kanki ba.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, kafin a gama gyaran, in fara biyan abin da suke nema ne ko in dakata?

Hajiya:

Ki kira kamfanin da ke karɓar biyanki yau ki nemi ya dakatar da biyan na ɗan lokaci har ya gama duba takardunki, ki kuma ce ya aiko miki da amincewarsa a rubuce. Dalilin gaggawar shi ne, a wajensu lissafin kwanakin bai tsaya ba, kuma idan ya kai 270 bashin zai faɗa sahun waɗanda aka gaza biya, inda ɗaya daga cikin hanyoyin fita ita ce biya sau tara cikin wata goma, gwamnati kuma na iya riƙe kuɗin harajin da ya kamata a dawo miki da shi. Da zarar sun gyara matsayin, ki nemi wasiƙar da ta tabbatar da hakan ki kai wa mai gidan hayar, domin rahoton kan ɗauki makonni kafin ya nuna gyaran.