Haska taro kai tsaye da kyamarar IP ba tare da kashe kuɗi da yawa ba

Jama'a ga abin da na tsinta daga hirar da muka yi kan yadda za a haska taro kai tsaye da kyamarar IP, wato mai tura hoto ta hanyar netwok. Yawanci sun ce ba sai ka sayi kyamara mai tsada ba, ta tsaro ɗin nan ma ta isa in dai tana fitar da RTSP (hanyar da kyamara ke tura bidiyo zuwa wata manhaja), to ka duba kafin ka biya don wasu sai da manhajar kamfaninsu kawai suke aiki. Sai ka sa OBS Studio a kwamfuta, manhajar haska bidiyo ce kuma kyauta ce, ka liƙa adireshin RTSP ɗin, ka tura YouTube ko Facebook da makullin haskawa (stream key) da suka ba ka.

Maganar sauti ce aka fi ja. Makirfon kyamarar ba abin kirki ba ne wallahi, gara ka jawo daga mikisa (na'urar haɗa sauti), amma fa hoton yakan makara sai ka jinkirta sautin a OBS har baki ya dace da magana. Ni ma nan na tsaya, mutum zai haƙura da hoto dishi-dishi amma in bai ji magana ba tafiyarsa zai yi.

Haɗi da igiya ya fi Wi-Fi, musamman PoE, igiya ɗaya wuta da data. In intanet ba ƙarfi ku tsaya a matsakaicin ingancin hoto na 720p.