Mutum-mutumin dusar ƙanƙara da ƙananan yara: ku da kuka yi, yaya kuka yi?

Maman Biyu, Winnipeg:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yarana biyu, babbar shekararta 5, ƙaramin 3. Tun da Disamba ya kama ba su da zance sai na mutum-mutumin dusar ƙanƙara, don a ajin babbar an lilliƙa hotunansa a bango. Ga shi nan garin sanyi yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, ba na son ƙaramin ya daɗe a waje. Wanda ya taɓa yi da yaransa, a waje ko a ɗaki, ya taimaka mana da yadda ya yi.

Baban Yara, Edmonton:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ranar tsananin sanyi kada ma ki fitar da su, ba zai yiwu ba. Idan sanyi ya tsananta sosai dusar bushewa take yi, ki damƙa a hannu ta zube kamar gari. Wadda ake so ita ce mai ɗan danshi, wadda ke samuwa idan ma'aunin zafi ya dawo kusa da sifili. Ni nakan duba hasashen yanayi, ranar da na ga haka sai mu fita bayan azahar. A dunƙula ɗan ƙarami a hannu, a ajiye a ƙasa a yi ta mirginawa, shi da kansa zai riƙa kwasar dusa yana girma. Babban dunƙulen ƙasa, wato jikinsa, ni nake turawa don nauyi gare shi, na kansa kuma na bar wa yara. Hanci karas, idanu tsakuwa, hannuwa busassun rassa. Safar hannu ta zama mai hana ruwa shiga, ta saƙa jiƙewa take yi nan da nan. Ki riƙa duba kumatunsu da kunnuwa, da kin ga wuri ya yi fari ko yaro ya ce ba ya jin yatsunsa, ku koma ciki.

Anti Babba, Manchester:
Mu nan dusar ba ta cika zama ba, ta sauka da safe zuwa yamma ta zama ruwa. Kuma a Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, yara suna ɗaki tun da wuri. Na safa muke yi. Ki samu farar safa wadda 'yar'uwarta ta ɓace, ki cika ta, ki ɗaure bakin da roba, ki ƙara ɗaure wata robar a sama da tsakiya, sai kai da jiki su fito. Safa mai launi a yanke a yi masa hula, ƙyalle kuma a naɗa a wuya. Turawa shinkafa suke zubawa a ciki. Innarmu tana nan lokacin, ta ce abinci ba abin wasa ba ne, kuma na ga gaskiyarta. Tsummoki muka cusa, muka sa tsakuwa a ƙasan don ya zauna daram. Ita ce ma ta ɗinke masa hular.

Malamar Reno, Minneapolis:
Aikina ke nan, ina kula da yara 'yan shekara 2 zuwa 5. Maman Biyu, saboda ƙaramin naki, ki ajiye maɓallai da duwatsun ado da idanun roba nesa. Yaro ɗan wannan shekarun komai baki yake kaiwa, kuma waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke shaƙe yara. Ki zana idon da alƙalami mai kauri ko ki yanko takarda babba. Gam mai zafi na bindiga kuma ba na hannun yaro ba ne ko kaɗan, farin gam na makaranta ya isa.

Abin da ya fi karɓuwa a ajina shi ne farantin takarda da auduga. Faranti biyu a haɗa, yaro ya shafa gam, ya yayyagi auduga ya manna. Wannan yagar da mannawar ita ce ke ƙarfafa yatsun da zai riƙe fensir da su gobe. Shi ya sa nake roƙon iyaye su cire hannu. Sau da yawa uwa za ta ga ido ɗaya ya tafi goshi, sai ta ɓamɓare ta gyara, yaron kuma ya tashi ya bar wurin. Ku bar shi a karkace. Ki tambaye shi wane ne wannan, me ya sa hancinsa ke nan, za ki sha labari.

Abu Hafsa, Leicester:
Ni abin da ya tsaya min a rai batun yin sura ne. Na tambaya a masallacinmu, aka ce min malamai sun saɓa: wasu sun hana a yi siffar mai rai da cikakkiyar fuska, wasu sun yi sauƙi a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da take wasa da 'yartsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A gidana ba ma sa masa ido da baki, hula da mayafin wuya kawai, kuma yaran ba su taɓa ƙorafi ba. Wani lokacin ma gida ko katanga suke ginawa da dusar.

Malama, Kaduna:
Ku ba ni wuri ni ma, ko da yake ba mu da dusa. Littattafan Turanci da muke koyarwa da su a nazare cike suke da hotonsa, yara kuma sai tambaya, ko ƙanƙarar firiji ce. Lokacin hunturu nakan kawo auduga da kwali mu yi, in sa ƙanƙara a kwano su taɓa su ga yadda take narkewa.

Malamar Reno, Minneapolis:
Malama, wannan na ƙanƙara a kwano zan ɗauka. Maman Biyu, ke ma ranar da ba a fita, ki ɗebo dusa a babban tire ki shigo da ita kicin. Ki bar ta ta ɗan sha ɗumin ɗaki, za ta yi danshi ta fara kamawa, su dunƙula ƙanana a kan tawul, da safar hannunsu.