Wace kalma za mu ba wa sauyawar Dakta a shirin Doctor Who?

'Yan'uwa masu bibiyar wannan shiri na BBC, tun daren da na kalli kashin da aka nuna ranar 9 ga Disamba, 2023 nake neman kalmar Hausa da za ta ɗauki abin da Turawa ke kira regeneration, wato yadda Dakta, jarumin shirin, ke sabunta jikinsa ya zo da wata fuska, domin na so in ba ƙanena labarin abin da ya sa na miƙe tsaye a gaban talabijin, sai na tarar ba ni da sunan abin. A wancan kashi an harbi Daktan da David Tennant ke fitowa a matsayinsa, hasken nan da ke nuna zai sauya ya fara tashi daga jikinsa, har na shirya yin bankwana da shi, amma sai jikin ya rabu biyu, Ncuti Gatwa, haifaffen ƙasar Ruwanda, ya fito daga cikinsa a matsayin sabon Dakta, kuma dukansu suka tsaya da rai.

Asalin dabarar ya koma 1966, lokacin da rashin lafiya ya sa William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta, ya bar shirin, marubuta suka yanke cewa idan mutuwa ta tunkaro Dakta jikinsa zai sabunta kansa, ya zo da wata fuska da wani hali, amma bai manta komai ba. Ta haka Patrick Troughton ya karɓa, kuma sai a 1974 aka fara kiran abin da sunan da ake amfani da shi yau.

Kalmar da kowa ke fara kawowa ita ce rikiɗa, kuma ban yarda da ita ba. Mai rikiɗa a tatsuniya yakan zama kura ko budurwa da gangan, don ya yaudari wani, sa'annan ya koma siffarsa idan bukata ta biya. Dakta kuwa dole ce ke sa shi, cikin azaba. Tashi daga matattu ba ta shiga lissafi, domin magana ce ta ranar alƙiyama. Wani ya ba ni shawarar saɓa, irin wadda maciji ke yi, na kuma daɗe ina juya ta domin tana da kyau a baki, sai dai macijin da ya tuɓe fatarsa bai sauya hali ba, alhali Jodie Whittaker da ta karɓa a 2017 ba ta yi kama da Peter Capaldi, wanda ta gada, ko a magana ko a ɗabi'a ba.

Abin da na tsaya a kansa shi ne toho, wanda wasu ke cewa tofo. Manomi ya san cewa idan an sare itace aka bar kututture, sabon reshe zai fito da ganyensa da siffarsa dabam, alhali saiwar ita ce ta jiya, kuma sai sara ya auku kafin toho ya zo. Abin da ya ƙara gamsar da ni shi ne kashin nan na 2023, domin kututture ɗaya yakan fitar da reshe biyu, saboda haka tagwayen toho ya wadatar ba tare da ƙago wani abu ba.

Na gwada ta a kan ƙanena, na ce masa an harbi Dakta amma ya sake toho, bai tambaye ni ma'ana ba, sai ya tambayi sau nawa ya taɓa yi.