Ya kuka ƙare da mai shagon unguwarku lokacin canjin kuɗi?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya tuna wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, layin banki da masu POS yake kawowa. Babban Banki ya sauya takardun 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sabbin kuma babu su a gari. Ni dai a layinmu mai shago ne ya riƙe gidaje. Ku fa, ya naku ya yi?

Uwar Biyu, Tudun Wadan Kaduna:
Wa alaikumus salam. Kuɗi na cikin asusu, amma ko na cefane babu a hannu. Namu littafi ya buɗe, kowane gida da shafinsa. Ƙullin sukari, Maggi, kwalbar man gyaɗa, burodin 'yan makaranta, duk sai dai a aiki yaro a rubuta, ƙarshen mako maigida ya tura masa gaba ɗaya. Bai taɓa yi mana maganar bashi a gaban mutane ba. In shafi ya cika sai ya ce wa yaron, "Ka gaishe min da Baba." Da gaisuwar ta iso mun san zancen.

Mai Shago, Kurna:
Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika faɗi haka. Amma ku littafi kuke gani, mu Kasuwar Singa muke gani. Dila ba ya karɓar shafi. Kwalin taliya ko buhun sukari in ya ƙare, kuɗi za ka kai, alhali rabin jarinka yana cikin gidajen mutane. Sai a turo maka kuɗi, mai saye ya nuna maka waya an cire masa, kai shiru ba ka ga komai ba. Ka hana shi kaya? Maƙwabcinka ne, sahu ɗaya kuke sallah. Haka za ka ba shi kana addu'a.

Abin dariyar ma, ana saura kwanaki wa'adi ya cika, mutanen da na cire rai da bashinsu suka dinga zuwa biya, kowa da tsofaffin dubu-dubu. Har da wanda ya daina bi ta ƙofar shagona. Na karɓa, na je na bi layin banki da su.

Malamin Firamare, Zariya:
Kada a mai da su waliyyai. Namu farashi biyu ya yi, na tsabar kuɗi daban, na tura kuɗi da ƙari. Gwamna El-Rufai ya ce a ci gaba da karɓar tsofaffi a jihar Kaduna, shi ya ce gwamna ba ya saro masa kaya. Ko da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin za su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, sai da ya ga wasu na karɓa sannan ya sauko. Canji kuwa alawa ce, kana so ko ba ka so.

Ɗan Ƙauye, Jigawa:
Ku har kuna da abin tura kuɗi. Mu sabis sai an hau tudu, yawancin mutanenmu kuma ba su da asusu. Musaya muka koma. Mata su aika da kwanon gero ko ƙwai, a ba su sabulu da gishiri da ashana. Ranar kasuwa mai shagon ya kwashi hatsin ya sayar. Ya ɗan karya farashin geron, gaskiya, amma ba wanda ya kwana ba gishiri a miya.

Mai Shago, Kurna:
Malam na Zariya, farashi biyu ban kare shi ba, amma in kana son tsaba ka kai Singa a lokacin, mai POS sai ya yanki nasa mai tsoka, daga ina zai fito? Maganar alawa kuwa na amsa, ni ma na bayar. Naira hamsin da ɗari ba a sauya su ba, amma kowa ya ƙanƙame nasa. Bayan Sallah na sayi na'urar POS na ajiye a shago, yanzu ko kuɗin ashana wasu turowa suke. Littafin dai yana nan, akwai shafuka na wancan lokacin da har yau ba a soke ba.