Neman kalma: me za mu kira "aeration" a filin ƙwallon lambu?

Mai buɗe zance, Ikeja:
Jama'a, salamu alaikum. Kalma ɗaya ce ta ba ni kunya a gaban kawuna, shi ya sa na kawo ta nan. Kawu a Kano yake buga ƙwallon lambu, wato golf. Ya shirya zuwa Legas na kwana uku da abokansa biyu, aka ɗora mini kama otal da tsayar musu da lokacin wasa a wani fili da ba zan kira sunansa ba. A ƙasan saƙon da filin ya turo akwai layi ɗaya: a makon nan ana "aeration" a kan "greens". Kawu ya ce me ake nufi, na ce ɗan gyara ne. Ya ce ai gyara ba ya hana wasa.

Da muka isa, "green" ɗin, wato wurin nan mai laushi da ke kewaye da ramin da ake jefa ƙwallo, ya koma kamar rariya, ƙananan ƙofofi a jere, an bi su da yashi. Kawu ya ɗan tura ƙwallo daga taku uku, ta yi tsalle sau biyu kamar fara, ta kauce. Ya juyo ya dube ni, bai ce uffan ba. Da faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi.

Ban yi ƙarya ba, gyara ne. Amma gyara sunan kowa ne, daga fentin ƙofa har rushe ɗaki. Ina neman kalmar da mai shirin tafiya zai ji ya san ko ya sayi tikiti ko ya dakata.

Tsohon mai ɗaukar sanduna, Obalende:
Yaro, kafin ka raɗa wa aiki suna, raɗa wa wurin tukuna. "Girin" muke cewa a bakin aiki, amma ba ta dace da mu ba, don ma'anarta kore. A filayen Arewa an daɗe ana wasa a kan yashi da aka cakuɗa da mai aka daddale, babu ko tsinken ciyawa, Turawa ma da kansu sunan ruwan ƙasa suka ba shi. Ni daɓe nake kiransa. Duk wanda ya taɓa ganin mata suna daɓen ɗaki ya san abin da ake nufi: wuri a shafe, ba tudu ba kwari sai wanda aka yi da gangan. Daɓen rami. Ko na ciyawa ne ko na yashi, sunan ya hau.

Aikin kuma ga yadda yake. Ciyawar daɓe ana aske ta ƙasa ƙwarai, milimita 3 zuwa 4, kullum ana taka ta, injin yanka yana bi ta kai. Ƙasa sai ta danƙare, ruwa ya ƙi shiga, saiwa ta rasa iska. Sai a kawo inji mai haƙora masu rami a ciki, yana soka su yana zaro ƙasa guntu-guntu, ka ga daɓe ya cika da su kamar kashin awaki. A kwashe, a zuba yashi, a share shi ya cika ƙofofin. Mako biyu zuwa uku ciyawa ta rufe, in tana kan tsiro. Shi ya sa ake yinsa lokacin da ta fi ƙarfi, wanda sau da yawa shi ne lokacin da fili ya fi kyau, baƙi suka fi son zuwa.

Malamar makaranta, Agege:
Baba, daɓe ta zauna, ba ni da ja. Ga aikin kuma ina ba da sakiya. Abu ya taru a ciki, an soka don ya samu hanya.

Tsohon mai ɗaukar sanduna:
'Yata, sakiya sai ga kumburi. Daɓen da ake yi wa wannan lafiyarsa ƙalau, ana yi ne don kada ya kamu. In ka ce wa Alhaji ana yi wa fili sakiya, zai ɗauka ya ruɓe.

Malamar makaranta:
To huji. Ana huda kunnen jaririya ba don ciwo ba. Hujin daɓe. Sai dai a kiyaye rubutu, don waya tana cinye ƙugiya: huda daban, huɗa daban. Wanda ya karanta cewa ana huɗa a filin golf zai zaci kunyoyin gero zai tarar. Da "huji" babu wannan ruɗani.

Bakanike, Idi-Araba:
Ni ban taɓa riƙe sandar golf ba, amma a garejinmu muna da kalmomin da kuke nema. Mota in an buge lotsawa an fesa fenti, kwaskwarima ce. In an sauke inji an warware shi, garambawul ne. Mai mota da ya ji ta biyun ba ya tambayar ko zai karɓa gobe.

Mai buɗe zance:
Maigida, wannan ta shiga. Don akwai aikin da ya wuce huji nesa. In za a sake daɓe daga tushe, tone shi ake yi gaba ɗaya, a shimfiɗa bututun janye ruwa, a zuba tsakuwa kamar santimita 10, a ɗora cakuɗen yashi kamar santimita 30, sannan a dasa ciyawa. Wannan watanni yake ci. A lokacin ko dai a rufe ramuka tara daga cikin 18, ko a aske wani gefe a haƙa rami na wucin gadi. Ga mai zuwa Legas bambancin yana da nauyi: filin Ikoyi Club da na Lakowe da ke hanyar Epe ramuka 18 ne kowanne, na Ikeja tara ne, kuma tsakanin Ikeja da Lakowe ba tafiyar da za ka canja shawara da safe ba ce, ga cunkoson Ajah.

Kwaskwarima kuma sai mu bar wa irin su sabunta yashin ramukan tarko (kwarin yashi da ƙwallo ke maƙalewa a ciki), sare reshe, gyaran hanyar keken da ke ɗaukar 'yan wasa. Ana wasa ana kewayewa.

Malamar makaranta:
Akwai na huɗu da ba gyara ba ne: rufewar da aka sani. Augusta a Amurka, inda ake gasar Masters, yana rufe daga ƙarshen Mayu zuwa Oktoba duk shekara. Tsohon filin St Andrews a Sukotland ba a buga wasa a kansa ranar Lahadi sai in gasa ce. Wannan hutun fili ne kawai, kalanda ake dubawa. Mu nan namu hutun ruwan Yuni da Yuli ne ke ba da shi ba tare da sanarwa ba.

Tsohon mai ɗaukar sanduna:
Kun bar yashin. Wani lokaci ba a huji, barbaɗa shi kawai ake yi sama-sama don daɓe ya yi sumul, kwana biyu uku ya nutse. Barbaɗe muke cewa, kada a haɗa shi da huji a tsorata baƙo a banza. Ciyawar da ta fi jure zafinmu kuwa kun san ta, kiri-kiri ce, 'yar uwar wadda dawaki ke ci. Sai dai a Legas in za ka ce ana dasa kiri-kiri ka faɗi "ciyawa" da ƙarfi, kada a zaci gidan yari kake nufi.

Mai buɗe zance:
Baba, Allah ya ƙara girma. Kawu ya ce zai dawo bayan damina, ga abin da zan tambayi filin kafin ya biya ko sisi: yaushe aka yi hujin daɓe na ƙarshe, yaushe ne na gaba, akwai ramin da ke cikin garambawul, kuma ramuka nawa ne a buɗe a ranakun da zai zo. In huji ya faɗo cikin makon, mu ɗaga tafiyar da mako uku.

Bakanike:
Ka ƙara da tambayar ko suna rage kuɗi a makon huji. Ni in ban gama mota ba, ba na karɓar cikon kuɗi.