Neman shawara: in cire akwatin iskar kamfani in sa buɗaɗɗiyar filta?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan inji. Motata Corolla ce ta 2010, injin 1.8, da ita nake zirga-zirgar yau da gobe, kuma wani sashe na hanyata ba kwalta, ƙura ce sosai. Lokacin canza filtar iska ya yi, sai abokina ya ce in cire akwatin da motar ta zo da shi gaba ɗaya, in sa bututun ƙarfe da filtar nan mai siffar mazurari wadda ake wankewa a shafa mata mai. Wai mota za ta ƙara ja, ta rage shan mai, in kuma huta da sayen filta. Gaskiya ƙarar da tasa ke yi idan ya taka totur ta burge ni, amma babban burina injin nan ya daɗe. Me kuka gani?

Wani tsohon bakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tunda ka ambaci ƙura, ai ka riga ka ba kanka rabin amsa. Injin fetur yana buƙatar kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai, wato kowace lita da ka ƙona tana tafiya da iska wajen lita dubu tara. Duk ta cikin filtar nan take bi. Abin da ya kuɓuce mata yashi ne mai laushi, ya shiga silinda ya haɗu da baƙin mai, ya riƙa goge ringi da bangon silinda kamar samfefa. Ba ka jin komai a wata na farko. Sai an kwana biyu ka ga mota ta fara shan baƙin mai, shuɗin hayaƙi na fita ta salansa.

Filtar auduga, irin wadda abokinka ya ce ka sa, iska ta fi wuce ta cikin sauƙi saboda ƙofofinta sun fi faɗi, man da aka shafa ne ke kama ƙurar. Idan man ya bushe ko an wanke ba a shafa daidai ba, kariyar ta ragu. Ka ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta, za ka ga ƙananan ɗigon haske. Ta takarda mai kyau ba ta nuna maka haka. Ni dai a hanyar ƙura, takarda a cikin akwatin kamfani nake sa wa mutane. Kuma ka lura da robar gefenta, ta zauna daram, murfi ya rufu, kilif duka su kama. Filta mai kyau da murfi a karkace, aikin banza ne.

Wani mai sha'awar gyaran motoci:
Baba ya yi gaskiya, bari in ƙara batun zafi. Akwatin kamfani yana da hanci da ke janyo iska daga gaban mota, nesa da inji. Buɗaɗɗiyar filta mai gajeren bututu kuwa a ƙarƙashin bonet take zaune, tana shaƙar iskar da ta fito daga lagireto. Iska idan ta yi zafi sai ta yi shara-shara: daga digiri 30 zuwa 60 nauyinta na raguwa da kusan kashi 9 cikin ɗari, iskar oksijin da ke ciki ma haka. A cunkoso, inda mota ke tsaye tana dumama, abin da ka samu ta sauƙin shaƙa ka mayar da shi ta zafi. Ƙarar da ta burge ka kuma, akwatin kamfani yana da wani ɗan ɗaki da aka yi musamman don kashe ta. An cire shi ne kawai, shi ya sa kake jin gurnani.

Akwai mai dogon bututu da ke sauka bayan bamba don neman iska mai sanyi. Wannan ya fi, sai dai filtar tana kusa da ƙasa. Ka shiga ruwa mai zurfi ta zuƙa, ruwa ba ya matsuwa, fistin ya taso ya tarar da shi, sandarsa ta lanƙwashe nan take.

Wani memba:
To ni fa kada a kushe ta gaba ɗaya. Ta auduga nake amfani da ita, irin ta K&N, kamfanin da ke wannan sana'a tun 1969, kuma ban ga matsala ba. Amma mai faɗi na saya wadda ke shiga cikin akwatin kamfani, kuma kwalta nake bi. Sirrinta wanki: a wanke daga ɓangaren ciki zuwa waje, a bar ta ta bushe da kanta, a shafa mai kaɗan. Wanda ba zai iya wannan hidimar ba, ya haƙura da ita.

Wata mai aikin wayarin mota:
Yayana, kaɗan ɗin nan da ka ce, nan mutane ke faɗuwa. Motar mai tambaya tana da na'urar auna iska, MAF, a bayan filta. Siririyar waya ce da ake zafafawa, kwamfutar mota na lissafin mai daga yadda iska ke sanyaya ta. Man shafawa ya yi yawa a filta, sai ya fantsamu ya lulluɓe wayar, lissafi ya karkace, mota ta fara shaƙewa, fitilar inji ta kama. Haka idan faɗin sabon bututun ya bambanta da na asali a daidai inda na'urar ke zama. In aka sa kwamfutar bincike galibi lambar matsala P0171 ko P0101 ake gani. Duk mai son canza bututu ya nemi wanda aka ƙera don ainihin injinsa, mai garkuwar zafi, kuma kada ya bar ƙaramin tiyon numfashin inji a sake.

Zancen rage shan mai kuwa, ɗan'uwa kada ka sa rai. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada motoci da filta a toshe. Masu injekta shan mansu bai canza sosai ba, ja ne ya ragu, domin kwamfuta na daidaita mai da iskar da ta shigo. Mai kafreta ce ta nuna bambanci. Idan toshewa ba ta ƙara shan mai ba, buɗewa ma ba za ta rage shi ba.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na gamsu, zan bar akwatin. Tambaya ɗaya, Baba: idan ana juyen mai akan hure mini filtar da iskar kwamfuresa. Hakan ya wadatar?

Tsohon bakanike:
A'a ɗana, ka hana. Iska mai ƙarfi na yaga takardar ta inda ido ba ya gani. Ka ɗan bubbuga ta a hankali ƙurar sama ta zube, ka goge cikin akwatin da tsumma mai ɗanshi. Ka duba littafin motar, akwai tazarar da aka ware wa masu bin hanyar ƙura, ta fi ta sauran gajarta, ita za ka bi. Kuma duk sanda ka buɗe, ka shafa yatsa cikin bututun da ke bayan filta. Idan ya fito da ƙura, akwai inda take shiga. A duba robar gefe da tsagewar tiyo kafin ka sake hawa hanya.