Minshari da gyangyaɗin rana: wane magani ya dace?

Hajiya daga Gwale: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maigidana yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci har sai ya zabura, da rana kuma gyangyaɗi yake yi ko yana tuƙi. Da hunturun nan ya fara shan Piriton saboda mura, sai gyangyaɗin ya ƙaru. Wane magani za ku ba mu shawara a kai?

Mai harhaɗa magunguna, Fagge: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ya dakata da Piriton tukuna. Mutane sun san histamin, wani sinadari da jiki ke fitarwa, da jawo atishawa da ƙaiƙayi, alhali a can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan ƙwayoyin jijiya da ke fitar da shi muddin mutum yana farke, su yi tsit idan barci ya zo. Piriton yana ratsawa har ƙwaƙwalwa ya toshe wannan saƙon, shi ya sa yake saukar da kasala. Maganin loratadine bai cika shiga can ba, ya fi dacewa da murar Alhaji.

Malamin makaranta, Tarauni: Ranka ya daɗe, ke nan akwai maganin da ke ƙara histamin ɗin?

Mai harhaɗa magunguna, Fagge: Akwai, Malam, sunansa pitolisant. Yana cire birkin da ake kira H3, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara sakin histamin. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2016 domin cutar yawan barci ta nakolefsi, sannan a 2021, da sunan Ozawade, domin gyangyaɗin masu toshewar numfashi cikin barci, irin abin da Hajiya ta kwatanta. Sai dai ido yake buɗewa, ba maƙogwaro ba. Toshewar tana nan kowane dare, da haɗarin hawan jinin da take jawowa. Maganin yana iya hana barci ko sa ciwon kai, kuma yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa.

Dattijo daga Dala: 'Yata, ni na sha wannan wahalar. A fara da gwajin barci, domin idan numfashi yana yankewa ko raguwa sau 30 a awa ɗaya, abin ya kai matakin tsanani. Abin da ya raba ni da gyangyaɗi shi ne na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostareliya a 1980, mai hura iska ta hanci don kada maƙogwaro ya rufe. Damuwarta wutar lantarki ce. Sai da na haɗa mata batir da sola.

Mai harhaɗa magunguna, Fagge: Gaskiya ne, Baba. Idan kuma akwai ƙiba, a tambayi likita game da allurar tirzepatide, wadda Amurka ta amince da ita don wannan lalura a Disambar 2024.

Hajiya daga Gwale: Na gode. Ranar Litinin za mu je Asibitin Malam Aminu Kano, kuma ɗanmu ne zai ja motar.